Zare: Yumɓu, wuta da iska, daga Dutsen Dala zuwa duniyar Mars

1/ Zaren yau dogo ne, kowa ya gyara zama.

Akwai wani irin tangaran da iskar oksijin kaɗai ke ratsa shi ta wuce, sauran iska ta tsaya a waje. Tun 1897 masana ke fama da shi. Sun gano yadda yake aiki, sun iya haɗa shi. Abin da ya gagara har yau shi ne a yi babba, ya yi shekaru yana aiki bai lalace ba.

2/ Ni ɗan ƙasar Bichi ne, ina aji uku a sashen kemistiri. Cikin abubuwan da aka jero mana a aji cewa su ke kashe wannan tangaran, wajen rabi abubuwa ne da magina tukwane da maƙeran yankinmu suka daɗe da sani, sai dai ba su raɗa musu sunan boko ba. Shi ya sa zan faro tarihin daga gida.

3/ Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Kashi 78 naitirojin ne, shi kuwa ɗan rakiya ne, ba ya hura wuta, ba ya raya numfashi. Duk mai son wuta mai tsananin zafi dole ya kai oksijin har tsakiyarta. To da me zai kai? Itace zai zama toka, ƙarfe zai yi laushi ya ƙone. Yumɓu ne ya rage.

4/ Mu je Dutsen Dala. Masu binciken kayan tarihi sun samu ragowar murhun fitar da ƙarfe a wajen, gwajin da aka yi ya nuna tun wajen ƙarni na 7 miladiyya. Wato shekaru ɗaruruwa kafin Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a wajen 999.

5/ Tarihin baka ma ya yi daidai da haka. Abagayawa suna cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dala ya zauna. Ko ka ɗauki labarin yadda yake ko ka ɗauke shi a matsayin almara, abin da yake nunawa shi ne ƙarfe yana cikin abin da ya fara tara mutane a nan.

6/ Yadda aikin yake: a gina murhu da laka, a jera tama da gawayi, a hura. Maƙera sun fi son gawayin itace mai tauri irin ƙirya. Zafin ciki yana kaiwa digiri 1,100 zuwa 1,300. Shi ƙarfe zalla sai a digiri 1,538 yake narkewa, don haka a irin wannan murhun dattin da ke cikin tama ne ke narkewa ya gangara, ya bar dunƙulen ƙarfe mai ramuka. Dattin idan ya sandare shi ake cewa kashin maƙera.

7/ Tsakanin zugazugi da wuta akwai bututun yumɓu. A ganina shi ne abin da ya fi shan wahala a duk aikin. Gindinsa yana waje, iska mai sanyi tana shiga, kana iya taɓa shi da hannu. Bakinsa yana cikin wuta mai digiri dubu da ɗoriya. Abu guda, tsawon kamu ɗaya ko biyu, wani gefen yana son ya buɗe, wani gefen yana nan yadda yake.

8/ Ga kuma narkakken datti yana lasar bakin yana cin sa a hankali. Ga laushi, don yumɓu idan ya daɗe a zafi sai ya fara lanƙwasa da nauyin kansa. Ku riƙe waɗannan ukun: bambancin zafi, dattin da ke ci, da lanƙwasa. Za mu sake haɗuwa da su a Amurka da Jamus, sun sa kwat.

9/ A tsaunukan Mandara na arewacin Kamaru, a 1986, wani dattijon maƙerin Mafa mai suna Dokwaza ya sake gudanar da aikin don masu bincike su ɗauka a fim. Murhunsu dogon bututu ɗaya gare shi, ana zura shi daga sama. Yayin da ake aiki bakinsa yana narkewa yana gajarta, narkakken yumɓun kuma yana haɗuwa da dattin tama. Wato sun san bututun ba zai rayu ba, sai suka sa mutuwarsa ta shiga cikin lissafi.

10/ Magina tukwane kuwa dole kayansu su daɗe. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gini, a Dawakin Tofa ko wani garin, ya san ba a gina tukunya da yumɓu zalla. Ana cuɗa shi da yashi, ko dakakken tsingaro, ko ƙaiƙayi. Yumɓu zalla yana tsukewa da yawa wajen bushewa, ya tsage tun kafin ya ga wuta.

11/ Dalilin a kimiyyance: tsaga tana tafiya ne kamar yagewar yadi. Idan ta ci karo da ƙwayar tsingaro, ko ɗan ramin da ƙaiƙayi ya bari bayan ya ƙone, sai ta karkace ko ta tsaya. Shi ya sa tukunyar girki mai ɗan kaushi take jure wa murhu shekara da shekaru, faranti mai sulɓi na kanti kuwa ka ɗora shi a wuta ka ji ƙas.

12/ Akwai kuma wani tarko a digiri 573. Ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suna canja tsarin jikinsu a daidai nan, su ɗan kumbura farat ɗaya, idan ana hucewa su koma. Wanda ya yi gaggawar tsallake wurin, ko hawa ko sauka, zai kwashe tsingaro. Iyayenmu ba su da ma'aunin zafi, amma sun san ba a zuba ruwan sanyi a kaskon da ya yi ja.

13/ Amma kowace riba da kuɗinta. Ramukan da ke hana tsagewa su ne ke sa randa yin gumi. A randa wannan alheri ne, ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana sanyaya na ciki. Da wannan Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci kyautar Rolex a 2000.

14/ Ina fitar da ƙarfe daga tama ya tafi? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin a 1912. Ƙarfen Turai da tarkacensa suka fara shigowa da arha. Aikin tama yana cin gawayi ba kaɗan ba, a yanki irin namu kuwa, wanda Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, gona tana manne da gona, ana noma ta duk shekara, kowace bishiya da mai ita. Maƙeri ya ga sayen tsohon ƙarfe ya fi masa.

15/ Ƙira ta ci gaba, fartanya da garma da lauje ba su yanke ba. Ilimin murhun tama ne ya bi masu shi, don a hannu yake ba a takarda ba. Abin da ya rage shi ne ɗan bakin wutan laka da ke gaban zugazugi a maƙerar kasuwar ƙauye.

16/ Kafin wani ya yanko wannan ya ce "kakanninmu ne suka ƙirƙiro", a'a fa. Bututu rami gare shi, duk iskar da aka hura tana wucewa. Randa ma ramuka gare ta. Tangaran ɗin da nake magana a kai a toshe yake ruf, ko ɗigon iska ba ya bi. Zan riƙa ce masa tantani. To ta ina oksijin take bi?

17/ A 1897 wani Bajamushe, Walther Nernst, ya ƙera fitila da ɗan sandan tangaran, haɗin zakoniya da ɗan itiriya. Da sanyi lantarki ba ya bin sa, sai an fara gasa shi. Da zarar ya yi zafi sai wuta ta bi, ya yi haske fari tas, a sararin iska ba sai cikin kwalba ba. Kamfanin AEG ya baje kolinta a Faris a 1900. Bayan 'yan shekaru ƙwan fitila mai zaren ƙarfe ya kore ta.

18/ Sai a 1943 Carl Wagner ya yi bayanin abin da ke faruwa. Ku tuna wasan dara: gurabu a jere, 'ya'ya a ciki, kowane ɗa yana matsawa ne zuwa gurbin da babu kowa. A jikin zakoniya ƙwayoyin oksijin suna zaune a gurabu. Duk ƙwayar itiriyom biyu da aka saka, gurbin oksijin ɗaya zai zauna fanko.

19/ Idan aka yi zafi, oksijin ɗin da ke kusa sai ta faɗa fankon, ta bar nata ga ta bayanta. Haka, gurbi zuwa gurbi, har ta ɓulla ɗaya gefen. Naitirojin ba shi da gurbi a wannan darar. Shi ya sa, idan babu tsaga, abin da zai fito oksijin ce zalla.

20/ Ita itiriya aiki biyu take yi. Zakoniya zalla tana da irin tarkon da yashi ke da shi, nata a wajen digiri 1,170: tsarinta ya canja, girmanta ya motsa da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ta farfashe wajen hucewa. Itiriya ce ke kulle tsarin ya tsaya wuri ɗaya. Da haka abin ba ya fashewa.

21/ Wannan tangaran kun sha zama a kansa. Golf da Sharon ɗin da ke lodin Bichi, Ɗambatta ko Kunchi, a jikin salansarsu akwai abin da kanikawa ke cewa oksijin sensa. Bosch ne ya fito da shi a 1976, aka fara sa shi a Volvo. Ɗan ƙoƙon zakoniya ne bai kai yatsa ba, gefe ɗaya hayaƙi, gefe ɗaya iskar waje. Bambancin oksijin na gefen biyu yana haifar da ɗan lantarki, kwamfutar mota ta karanta ta daidaita mai.

22/ Wannan shi ne wanda ya yi nasara, kuma dalilin a fili yake: ƙarami ne, aunawa kawai yake yi. Duk da haka datti yana kashe shi. Dalmar da ake zubawa a fetur a da tana rufe masa fuska, shi ya sa sensa da fetur mai dalma ba sa zama tare. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina wannan fetur zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Injin da ke shan baƙin mai, ko wata irin gam da ake shafa wa gasket, su ma suna toshe shi. Mota ta fara zuƙar mai, direba ya ɗora laifin a kan gidan mai.

23/ To me ya sa ake son babba? Tun 1902, lokacin da Carl von Linde ya kafa injinsa, hanyar samun oksijin mai yawa ita ce a sanyaya iska har ta zama ruwa, sannan a raba. Oksijin tana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifili. Hanya ce mai kyau, amma tana cin lantarki sosai kuma sai ƙaton kamfani. Masu ƙarfe, gilas, sinadarai da asibitoci duk abokan cinikinta ne.

24/ A 1985 Yasutake Teraoka da abokan aikinsa a Japan suka nuna wani dangin tangaran da ake kira ferobskait, haɗin lantanom, sitirontiyom, kobalt da ƙarfe. Wannan yana wuce da oksijin, yana wuce da lantarki a lokaci guda, don haka ba ya buƙatar waya. A gasa shi zuwa digiri 800 ko 900, a matsa iska a gefe ɗaya, oksijin ta fito ta ɗaya gefen, ninkin ba ninkin abin da zakoniya ke bayarwa.

25/ A 2000 Zongping Shao da abokansa a Dalian ta ƙasar Sin suka ƙara bariyom, aka samu wanda ake taƙaita sunansa BSCF. Wajen gudu, har yau yana sahun gaba. A takarda komai ya yi. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

26/ Na farko, datti. Bariyom da sitirontiyom suna matuƙar son kabon dayoksaid. Suna haɗuwa da shi sai su yi ɓawo a fuskar tantanin, ɗan'uwan farar ƙasa, oksijin ta rasa ƙofa. Hayaƙin farar wuta ya fi muni. Abin dariyar, wurin da aka fi son sa tantanin shi ne tashoshin lantarki masu ƙona kwal da gas, inda waɗannan biyun suka yi gida. Kun tuna dattin da ke lasar bakin bututu?

27/ Na biyu, shi kansa ba ya zaune lafiya. Idan BSCF ya daɗe yana aiki ƙasa da wajen digiri 850, tsarinsa yana rikiɗewa a hankali zuwa wani wanda gurabunsa ba su da hanya. Babu tsaga, babu abin da ido zai gani, oksijin ce kawai ke raguwa mako bayan mako. Ka ƙara zafi don gudun wannan, sai lanƙwasa ta taso: bututun da ake matsa masa iska ya fara lotsawa.

28/ Na uku ya fi ba ni mamaki. Gefen da oksijin ke fita yana da fankon gurabu fiye da gefen da take shiga, kuma gefen mai fanko ya fi kumbura. Ke nan ko da zafin ko'ina daidai yake, fuska ɗaya tana jan ɗaya. Aikin da aka yi shi dominsa shi ke yaga shi.

29/ Ga kuma mahaɗa. Dole a manna tangaran da ƙarfe, iska ba ta zurara, a digiri 850. Ƙarfe da tangaran ba sa buɗewa daidai da juna. An gwada gilas, an gwada zoben azurfa, har zinariya. Duk sanda aka kashe inji ya huce aka sake kunnawa, mahaɗar ta sha ja. Tsaga ɗaya siririya ta isa, naitirojin ya samu hanya, tsarkin oksijin ya tafi.

30/ Kamfanin Air Products na Amurka ya fi kowa nisa. Tare da ma'aikatar makamashin ƙasar da kamfanin Ceramatec, sun gina na gwaji mai tan 5 a rana a Sparrows Point ta jihar Maryland, sannan suka nufi mai tan 100 a Convent ta Louisiana. Hasashensu shi ne a rage kuɗin oksijin da wajen kashi ɗaya cikin uku. Bayan sama da shekara 20 ana aiki, wajen 2015 suka dakatar.

31/ Masu ci gaba da bincike, irin na cibiyar Jülich a Jamus, hanya biyu suka fi bi. Ɗaya, a bar bariyom da kobalt, a cuɗa tangaran iri biyu masu juriya, wani ya ɗauki oksijin wani ya ɗauki lantarki. Yana jure hayaƙi, amma oksijin ɗin da yake bayarwa ta ragu sosai. Mai gudu ba ya daɗewa, mai daɗewa ba ya gudu, a nan aka tsaya ana ciniki.

32/ Ta biyu, a yi tantanin siriri, bai kai kaurin gashin kai ba, a shimfiɗa shi a kan gangar jiki mai ramuka wadda za ta ɗauki nauyi. Kun san yadda suke samar da ramukan? Suna cuɗa garin sitaci a cikin haɗin, ya ƙone a wuta ya bar gurbinsa. Wallahi da na karanta wannan, ƙaiƙayi ne ya faɗo mini.

33/ Sai Mars. Motar bincike ta NASA mai suna Perseverance ta tafi da wani akwati kamar girman batirin mota, MOXIE. A ciki akwai faya-fayan zakoniya. Iskar Mars kusan kashi 95 kabon dayoksaid ce, akwatin yana gasa ta zuwa digiri 800, ya sa lantarki ya ɓalle oksijin, ta ratsa tangaran ta fito. Ranar 20 ga Afrilu 2021 ya fara, ya ba da giram 5.4.

34/ Zuwa Agustan 2023 an kunna shi sau 16, jimillar oksijin giram 122. NASA da kanta ta ce kamar abin da ƙaramin kare zai shaƙa a awa 10 ne. Adadin kaɗan ne, amma cikin abin da aka je dubawa har da ko zai jure ɗumama da hucewa, ɗumama da hucewa, bai mutu ba. Ya jure. Kun ga jikan fitilar Nernst ne ya je, ba mai gudun ba.

35/ Yanzu mu dawo gida, don na san tambayar tana zuwa: zai magance mana ƙarancin oksijin a asibitocin karkara? Yaro da ciwon haƙarƙari a Makoda ko Tsanyawa, numfashi yana sama-sama, silinda kuma sai an ɗauko daga birni. Wannan ba wasa ba ne, kuma da yawanmu mun san gidan da abin ya taɓa.

36/ Ra'ayina, a'a, ba wannan ba. Abin da ke buƙatar digiri 850 ba yankewa, ka kawo shi inda ake ɗauke wuta sau nawa a rana? Kowace ɗaukewa hucewa ce, kowace dawowa ɗumama ce. Na Mars sau 16 ya yi a shekara biyu da 'yan watanni, a wajenmu sati biyu ba za a yi ba an wuce wannan.

37/ Na'urar da ake gani a gefen gadon asibiti wata hanya take bi. Tana matsa iska ta cikin wasu ƙwayoyi da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin su saki oksijin, ba tare da gashi ba. Maƙiyanta laima, ƙurar hunturu da wutar da ke hawa da sauka. Sola mai batir, wanke matatar ƙura, da bakaniken da aka koya wa gyara, su ne abin da ya kamata mu matsa wa ƙananan hukumomi a kai.

38/ Tantanin tangaran, idan ya nuna, wurinsa manyan masana'antu ne da wutarsu ba ta mutuwa dare da rana, irin na siminti, ƙarfe, da masu sarrafa iskar gas. Ta wannan hanyar ne zai iya taɓa manomin Bagwai, idan ya sauƙaƙa kuɗin sinadaran da ake yin takin zamani da su. Kuma Najeriya tana da gas ɗin.

39/ Roƙo ɗaya. Damina idan ana huɗa, garma takan tono abubuwa. Idan a gonarku kuka ga baƙin dunƙule mai nauyi, mai kumfa-kumfa kamar ya taɓa narkewa, ko guntun bututun laka da bakinsa ya yi ƙyalli kamar gilas, kar a jefa a kan iyaka. Ku ɗauki hoto tare da wani abu a gefe don a gane girmansa, ku rubuta sunan ƙauyen, ku ajiye a ƙarƙashin wannan zaren. Idan da dattijon da ya san wanda ya yi aikin tama a garin, a tambaye shi sunan bututun da irin ƙasar da ake gina shi da ita.